Littafin rayuwar Malcolm X: a duba kwafin, a kuma karanta har Makka

Masu sayar da littattafan Turanci a Sakkwato, musamman waɗanda ɗaliban jami'ar Ɗanfodiyo ke ciniki da su, sukan kawo The Autobiography of Malcolm X, tarihin rayuwar ɗan gwagwarmayar baƙaƙen fatar Amurka, wanda Alex Haley ya rubuta daga bakin mai labarin, ya fito a 1965. Ya ci kuɗinsa, amma a lura da kwafin. Babi 19 ne, da dogon jawabin Haley kan kisan Malcolm ranar 21 ga Fabrairu 1965, wanda wani bugun ke sa shi a farko, wani a ƙarshe. In babu jawabin, a ajiye kwafin. A buɗe tsakiya a dubi gam ɗin: in siriri ne, zafin Afrilu zai busar da shi, shafuka su fara zubewa.

Mai karatu Musulmi zai yi tuntuɓe a babi na 10. Aƙidar da ke ciki ta Elijah Muhammad, shugaban ƙungiyar Nation of Islam da Malcolm ya shiga, cewa farar fata shaiɗan ne, ba Musuluncin da muka sani ba ne. Kada a tsaya nan. A babi na 17 Malcolm ya isa Makka, a Afrilun 1964, ya ci kwano ɗaya da alhazai farare, ya janye wannan magana. Daga baya ya zo Ibadan, ɗalibai suka raɗa masa suna Omowale, wato ɗa ya dawo gida da Yarbanci.

Inda littafin ya gaza shi ne wajen Martin Luther King, jagoran masu neman 'yancin baƙaƙen Amurka ta hanyar lumana. Malcolm ya tsaya kan cewa wanda aka buga yana da haƙƙin kare kansa, har ya yi wa gangamin su King na Washington na 1963 ba'a. Wanda ya karanta wannan kaɗai zai ɗauka hanyar lumana tsoro ce. Ba haka ba ne. Kwana 381 baƙaƙen birnin Montgomery na Amurka, ƙarƙashin jagorancin King, suka yi suna ƙaurace wa bas, da yawansu da ƙafa suke zuwa aiki, har kotu ta soke wariyar kujeru a 1956. Matsin irin wannan ne ya kawo dokar 'yancin jama'a ta 1964 da ta zaɓe ta 1965.

Don haka malamin da zai ba ɗalibai littafin ya haɗa musu da wasiƙar da King ya rubuto daga kurkukun Birmingham ta Amurka a Afrilun 1963. Gajera ce, tana intanet, kowane shagon kwamfuta zai buga ta.