Aiki a kamfanin POS mai tasowa: albashi ba ya latti amma wayarka ba ta hutawa

Masu tambaya ta ko su karɓi aiki a irin kamfanonin nan na fasahar kuɗi masu raba na'urar POS, to ga abin da na gani a namu. Ba zan kama suna ba don har yanzu akwai abokaina a ciki, kuma kada ku fara canki-canka, ba OPay ba ne ba Moniepoint ba ne ba PalmPay ba, mu ƙanana ne a kansu sosai. Hedikwata tana Legas, ni kuma a ofishin Kano na yi aiki, da farko a ɓangaren amsa koken ejen-ejen, wato masu riƙe da na'urorinmu na POS, masu jin Hausa, daga baya aka ba ni kula da yaran da ke zagaya kasuwa. In maki biyar ne uku zan ba su, ukun ma albashi da abin da na koya ne suka ciyo musu.

Gaskiya wajen ɗaukar aiki ban ga laifinsu ba. Ina gama bautar ƙasa na cike fom a intanet, aka yi min intabiyu ta Google Meet, aka ba ni wani ɗan gwaji a Excel, shikenan. Babu wa ka sani, babu katin ɗan majalisa, babu wanda ya ce in kawo na goro. Wanda ya taɓa yawon neman aikin gwamnati ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sun ba ni laftof, suna ba da kuɗin data duk wata, albashi kuma kafin wata ya mutu ka ji alat, ko da Sallah ta matso sukan biya da wuri. Fansho ma suna zubawa da gaske, kashi 8 daga albashinka kashi 10 daga wajensu kamar yadda dokar fansho ta 2014 ta ce, kuma ina ganin saƙon shigarsa, ba irin wuraren da za a yanke maka a takarda amma asusun wayam ba.

Kamfanin ya bunƙasa ne da wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023, bayan da Babban Bankin Najeriya, CBN, ya canja fasalin naira 200 da 500 da 1000. Kun dai tuna, layi a ATM tun asuba, manhajojin manyan bankuna suna ta faɗuwa. 'Yan kasuwar Kwari da Singa da Dawanau da a da in ka ce musu tiransfa sai su ce kai dai kawo kuɗi a hannu, su ne suka dawo suna kiranmu Alhaji na son mashin yau yau ɗin nan. Na'urori suka ƙare a sito. A Legas murna ake ana ta tura hotunan jadawali yana hawa sama a Slack, manhajar da ma'aikata ke tura wa juna saƙo, mu kuma a nan kunnenmu ne ke zafi.

Bari in ɗan tsaya a nan don shi ne asalin aikin kuma ba a gaya maka a intabiyu. In kwastoma ya sa kati a POS, saƙon ba daga na'urar zuwa bankinsa kai tsaye yake tafiya ba, sai ya bi ta kamfanonin da ke tsakiya irin su NIBSS ko Interswitch kafin ya kai bankin mai katin ya dawo. Ko ina a hanyar nan zai iya maƙalewa. Sai a cire wa mutum kuɗi, rasit kuma ya fito cewa bai tafi ba. Kuɗin nan yawanci bankin mai katin ne zai mayar, ba mu ba, amma ejen bai san wannan ba kuma ba ruwansa, shi dai tambarinmu yake gani a jikin mashin, ga kwastoma tsaye a kansa yana cewa ba inda za shi. Sai ya kira ka, ranka ya daɗe ka taimaka min, can in ya ga ba ci gaba ya koma zagi har iyaye. Kai kuma ba ka da wani maɓalli da za ka danna, iyakarka ka shigar da koken a kwamfuta ka ce a yi haƙuri a je banki a cike fom. Haƙurin da na bayar a aikin nan wallahi ban san adadinsa ba. Kuma lambarka ta kanka sai ta zagaya kasuwa, sha ɗayan dare ana kira, ranar Sallah ana kira, kana jana'iza ana kira.

Matsalar kamfani mai saurin girma ita ce kamar yaron da ya yi tsawo dare ɗaya ne, rigar bara ba ta shigarsa amma ba a ɗinka sabuwa ba. Aka yi ta ɗibar ma'aikata, waɗanda suka riga shigowa aka mai da su manajoji ba tare da an koya musu riƙe mutane ba. Wasu sun iya, akwai wata oga da na yi aiki a ƙarƙashinta 'yar kudu ce, mace mai kirki da sanin ya kamata, ita ta zaunar da ni ta koya min SQL, yaren kwamfuta na binciko bayanai, har na iya ciro bayanai da kaina. Amma ba ka daɗewa da oga ɗaya, kafin ku saba an canja tsari an kawo wani. Tagat, wato abin da ake so ka cimma a aiki, ma haka. Yau a ce yawan mashin da ka raba ake dubawa, ku yi ta rabawa har mai shayi, gobe a ce a'a yawan cinikin da mashin ke yi ne, duk wanda ba ya aiki a je a karɓo. Ka je ka karɓe na'ura a hannun dattijon da kai ka lallashe shi ya karɓa, da wane ido.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi yaran fili ne, wato masu zagaya kasuwa. Su ba ma'aikatan kamfani ba ne kai tsaye, ta hannun wani kamfanin kwantiragi aka ɗauke su, babu inshorar asibiti, rabin abin da suke samu kamasho ne. Da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayu 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, amma alawus ɗinsu na zirga-zirga ya daɗe bai motsa ba, yaro zai hau babur daga Sabon Gari zuwa Dawanau ya dawo da aljihunsa. Mu ma da aka yi mana ƙari bai je ko'ina ba, dala da take wajen 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta wuce 1,500 a farkon 2024. Injiniyoyinmu masu kyau kuwa ɗaya bayan ɗaya suka gudu, wani Ingila wani Kanada, wani yana zaune a gida yana wa Turawa aiki ana biyansa da dala, shi ya sa ƙaramin gyara a manhaja sai ya yi wata da watanni.

Sai maganar Arewa, wadda ita ta fi ci min rai. Ba wai ƙiyayya ba ce, rashin sani ne da rashin tambaya. Za a sa mitin ƙarfe ɗaya da rabi ranar Juma'a, sai da muka yi magana da babbar murya kafin aka matsar, a nan dai sun saurare mu. Manhajar ejen Turanci zalla, mun roƙi a sa Hausa har mun gaji, tallan da suka turo mana kuma da inji aka fassara shi, kunya ta hana mu rabawa. A Oktoban 2024 da aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta kwana da kwanaki cikin duhu, ejen ba su da inda za su yi cajin mashin, sai ga saƙo daga Legas wai a yi bayanin dalilin da ciniki ya faɗi a Kano. Haka lokacin da CBN ya tsananta batun BVN da NIN, har a Afrilun 2024 ya dakatar da OPay da PalmPay da Kuda da Moniepoint daga buɗe sabbin asusu na ɗan lokaci, ga kuma umarnin ejen su yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, mu muka bi shago shago muna lallashin mutanen da ke zaton haraji za a ɗora musu. An yaba mana a Slack da tafi da hoton wuta, amma da ƙarin girma ya zo waɗanda ake gani a ofishin Legas suka samu.

Za kuma su yi maka maganar hannun jari, a ba ka labarin yadda kamfanin Stripe na Amurka ya sayi kamfanin fasahar kuɗi na Najeriya Paystack a 2020 kan kuɗin da aka ce ya haura dala miliyan 200. Karanta takardar da kyau. Namu sai ka shekara kafin ko ɗaya ya zama naka, sauran a hankali cikin shekara huɗu, kuma ko ya zama naka takarda ce kawai sai ranar da aka sayar da kamfani ko ya shiga kasuwar hannun jari. Kada ka yarda a rage maka albashi saboda shi. Zancen mu duka dangi ne ma ka ji shi da kunne ɗaya, ranar da aka rage ma'aikata gajeren mitin aka kira, kafin mutane su gama sallama an rufe musu Slack da imel. An dai biya su haƙƙinsu cif, wannan kam ba zan yi musu ƙarya ba.

In kai matashi ne ba iyali, kana son koyon aiki da sauri, ka shiga, abin da za ka koya a shekara ɗaya a nan ya fi na wurare da yawa kuma da shi na samu inda nake yanzu. 'Yan'uwa mata ma ɓangaren amsa kira yana da sauƙi don wasu ranakun daga gida ake yi, sai dai ki tambayi zancen aikin dare tun wuri. Kafin ka sa hannu ka tambaya ma'aikacinsu ne kai ko na ɗan kwantiragi, nawa ne tsayayyen albashi banda kamasho, wa ke biyan kuɗin mai, kuma a rubuta maka a takarda. Sannan ka sayi layi na biyu tun ranar farko, kada ka kuskura ka ba ejen ko ɗaya lambar da iyalinka ke kiranka da ita.