Yaya, Kafin In Sayo Maka Na'urar Tace Iska

Assalamu alaikum Yaya. Ina gajiya, ya Inna da jiki, ya su yara da makaranta? Saƙonka na murya ya same ni a Sanyuanli, unguwar kasuwa a nan Guangzhou, ana ɗaure kayan mutane, shi ya sa ban amsa a take ba. Na ji abin da ka ce game da yaron wajenka, cewa tun da hunturu ya kankama ba ya samun barci, sai tari da ƙirji mai fito kamar usur, kuma wani ya ce maka a nan Sin akwai na'urar da ake kunnawa a ɗaki ta tace iska, shi ke nan yaro ya warke. Na'urar akwai ta, har ɗaya ce da ni a ɗakin kwana. Idan ka nace zan saka maka a kwantena mai zuwa. Amma ka bari in ba ka labarin yadda na zo na saye ta.

Farkon zuwana Guangzhou, in na ga 'ya'yan Sinawa a jirgin ƙasa, ɓul-ɓul da su, kowane da gorar ruwan ɗumi a wuya da kaka tana bin sa a baya, sai in ce waɗannan ai ko mura ba su sani ba. Ranar da muka kai yarinyata makarantar reno aka miƙo mana takarda, a ciki akwai layi guda da ake tambayar abincin da jikinta ba ya so: ƙwai, madara, gyaɗa, jatan lande, ƙaguwa, har da mangwaro. Na yi dariya na ce 'yar Kano ce, da ƙuli-ƙuli aka yaye ta. Malamar ko murmushi ba ta yi ba. Ta nuna mini allo a ƙofar kicin, sunayen yara ne a jere da abin da aka hana kowanne.

Dariyata ba ta kai shekara ba. Akwai wani yanayi a nan tsakanin Fabrairu da Afrilu da suke kira huinantian, lokacin da iska mai ɗumi daga teku ke shigowa ta tarar da gine-gine da sanyi. Yaya, bango zufa yake yi. Madubi ya yi hazo, tayil ya jiƙe kamar an yi wanke-wanke, wankin da ka shanya ya kwana uku yana wari, takalmin fata a ƙarƙashin gado ya yi funfuna kore shar. A irin wannan lokaci yarinyar ta fara atishawa da asuba, goma sha a jere, hanci na zuba, tana murza ido har ya yi ja. Bayan gwiwarta da lanƙwasar hannunta suka bushe suna ƙaiƙayi, ta yi ta susa cikin barci har zanin gado ya ɓaci da jini. Maiɗakina ta gwada zuma da habbatus sauda, ta shafa man kaɗanyar da kuka aiko. Man kaɗanyar ya taimaki fatar, gaskiya, amma atishawar tana nan.

Da na kira Inna na ce likita ya ce alaji ne ke damun jikarta, sai ta ce wane Alhajin, me muka yi masa? Sai da na ce mata irin borin jinin nan ne, na hanci da na fata, sannan ta gane.

Zuwa asibiti a nan, a waya ake farawa. Ta manhajar WeChat za ka zaɓi sashe da likita da sa'a, ka biya kuɗin kati, wanda na ƙaramin likita bai taka kara ya karya ba. In ka isa sai ka jira lambarka ta fito a allo. Ba wanda zai ce maka fayil ya ɓata, ba kuma wanda zai tsallake ka don ya san wani. Sai dai kowane mataki da biyansa kafin a yi, kuma baƙo irina da ba shi da inshora daga aljihu yake cirewa. Inda suka gaza mana shi ne hira. Likitar da ta duba mu ba ta ba mu minti biyar ba, ido a kan kwamfuta, mutum uku na leƙowa ta ƙofa da takardunsu a hannu. Ba sannu, ba ya jiki. Tambayoyin da na tsara a zuciya da su na dawo gida.

Gwajin ne ya burge ni. Ma'aikaciyar jinya ta kife hannun yarinyar a kan tebur, ta zana lambobi da biro, ta ɗiga ruwa iri-iri a gefen kowace lamba, wannan na gashin kyanwa, wannan na kyankyaso, wannan na funfuna, sannan ta ɗan tsikari kowane ɗigo da tsinke. Aka ce mu zauna minti goma sha biyar, kada ta sosa. Muna zaune ina kallo, wurare biyu suka taso kamar cizon sauro, sauran kuwa shiru. Biyun nan na wasu ƙwari ne da ido ba ya gani, masu zama cikin katifa da matashi suna cin ɓawon fatar mutum. Ba kuɗin cizo ba ne, ba sa cizo ma, kashinsu ne ake shaƙa. Laima da ɗumi suke so, don haka kudancin Sin gidansu ne. A arewa kuwa garin fure ya fi damun mutane, musamman na wata ciyawa dangin tazargade. A farkon Satumban 2023 an yi hadari da tsawa a Hohhot ta Mongoliya ta Gida, iska ta tarwatsa garin furen nan, a dare ɗaya asibitocin garin suka cika da masu sarƙewar numfashi, da yawa yara.

A layin gwajin na lura ba mu kaɗai ba ne, benci uku cike da yara kowane da hannu a miƙe. Daga baya na bi diddigi. Sau uku Sinawa suka yi ƙidayar asma a tsakanin yaran birane 'yan ƙasa da shekara 15: a 1990 kusan ɗaya ne cikin ɗari, a 2000 kusan biyu, a 2010 ya kai uku. Ninki uku ke nan cikin shekara ashirin, daidai shekarun da ƙasar ta yi kuɗi. A ƙidayar 2010 Shanghai ce a sama da fiye da bakwai cikin ɗari, Lhasa ta Tibet kuwa ko rabin ɗaya ba ta kai ba. Ƙaiƙayin fata irin na yarinyata ya fi haka yawa. Da likitocin fata suka duba yara 'yan shekara 1 zuwa 7 a birane 12 a 2014, kusan 13 cikin ɗari ne ke da shi. A Chongqing, jariran da wani abinci ke tayar musu da bori sun tashi daga 3.5 cikin ɗari a 1999 zuwa 7.7 a 2009.

Abin da ya fi tsaya mini a rai na kusa da ni ne. Conghua yankin karkara ne a arewacin Guangzhou, can ake zuwa wankan ruwan zafi da sayen 'ya'yan itace. Da aka gwada 'yan makarantar can da na cikin birni, masu asma a karkarar kusan rabin na birni ne. Jini ɗaya, yare ɗaya, ruwan sama ɗaya. Masana na ɗora wani ɓangare na laifin a kan rayuwar bene: yaro shi kaɗai a gida, don daga 1980 zuwa 2015 yawancin ma'auratan birni ɗa ɗaya doka ta yarje musu, ba wasan ƙasa, ba kaji ba awaki, taga a rufe, AC a kunne, ga warin fenti da gam na sabon gida, ga hayaƙin mota, ga sigarin uba. Jikin da bai saba da komai ba sai ya riƙa faɗa da abin da bai kai a yi faɗa da shi ba. Kada ka ce to ai namu sun tsira. Namu da yawa ba a taɓa kai su gaban wanda zai sa wa ciwon suna ba, sai a ce fuka ce ta gado, ko sanyi ne ya kama shi.

Inda ciwo ya yi yawa kasuwa na buɗewa, Sinawa kuma ba a koya musu wannan. Akwai injin zuƙe ƙwarin katifa mai shuɗiyar fitila, akwai rigar katifa mai zik da ƙwarin ba sa ratsawa, akwai butar wanke hanci da ruwan gishiri, akwai takunkumin yara mai hoton zomo. Magani kuwa, ka taɓa Meituan, manhajar kawo saye har gida, da tsakar dare, kafin ka idar da nafila mai babur na ƙwanƙwasa ƙofa. Akwai ma wani ɗigo da ake sa wa yaro a ƙarƙashin harshe kullum, daga jikin ƙwarin aka haɗa shi, don jiki ya saba a hankali, amma sai an yi shekara uku ana yi. Mun fara. 'Yan damfara ma suna nan. A 2020 a lardin Hunan an kama wani shago yana sayar wa iyaye garin abin sha a matsayin madarar musamman ta jariran da ba sa jure madarar shanu, yaran suka rame, ƙashinsu ya lalace. Mutanen da ba su manta da madarar jarirai da aka gurɓata da sinadarin melamin a 2008 ba, ka san yadda suka ɗauki wannan.

A gidana, wanda ya fi yi mana aiki shi ne na'urar tsotse laima. A lokacin huinantian sau biyu a rana nake zubar da ruwan da ta tara. Kai kuwa a Kano da hunturu, leɓe na tsagewa, me za ka yi da ita? Ita ta tace iskar, ƙirar Xiaomi, ba ta kai yuan dubu ba. Amma ɗaki rufaffe take so da wutar da ba ta yankewa, kuma matatarta ana sauyawa duk wata shida zuwa shekara, a iskar nan ke nan. A hazon Janairu na unguwarku, da tagar da ba ta rufuwa ruf, ban ba ta wata biyu ba. In kuma janareta za ka tayar a tsakar gida don ka kunna ta, hayaƙin da yaron zai shaƙa ya fi ƙurar da ta tace.

Abin da na ga yana riƙe yaran nan masu asma ba inji ba ne, bibiya ce. Abin shaƙa iri biyu ne. Shuɗin, irin Ventolin da ake samu a kemis, buɗe ƙirji yake yi in abin ya tashi. Ɗayan na kullum ne, safe da yamma ko yaro na lafiya, shi ne ke hana tashin, kuma ana kurkure baki bayan an shaƙa. Iyayen nan sun san bambancin kamar yadda ka san kuɗin atamfa a Kwari. Mu kuwa sai a ce wanda ya fara shaƙa ya zama bawan inhela har abada, a ɓoye ta a aljihu kamar abin kunya, a dirka wa yaro Piriton ya yi ta gyangyaɗi a aji. Ka kai shi sashen yara na Asibitin Malam Aminu Kano, a saurari ƙirjinsa, su za su faɗa maka ko asma ce da irin maganin da ya dace da shekarunsa. Kafin nan a daina kunna maganin sauro mai hayaƙi a ɗakinsu, a koma gidan sauro. Ka kuma roƙi Anti ta yi haƙuri da turaren wuta a inda yake kwana, na san wannan ne zai fi wuya. Rana mai zafi ta wajenku kuma kyauta ce da Sinawan kudu za su saya da kuɗi in ana sayarwa, a riƙa fitar da katifa da matashi tana dukansu.

Wani ɗan kasuwa zai taso ran Laraba ta Addis Ababa. Na ba shi rigar katifa biyu, da butar wanke hanci, da wani bututun roba mai abin rufe baki da hanci da ake jona wa inhela don ƙaramin yaro ya shaƙi maganin sosai. In ya fashe kada ka damu, likitoci a Afirka ta Kudu sun gwada gorar lemo ta roba mai rabin lita da aka huda gindinta, ta yi aikin. Akwai shayin Inna a ƙasan jakar, kada yara su riga ta. A gaida Anti da kowa da kowa.