A gyara kwamfutar ko a gyara fayil ɗin?

Ɗan'uwa, ka ce fayil ɗin Excel na lissafin hatsinka yana aiki lafiya a kwamfutarka a Kano, amma da abokin kasuwancinka ya buɗe shi a Maraɗi sai gidajen farashi suka cika da #NOM?, shekarar da ke cikin kwanan wata kuma ta koma "yyyy". Kana tambaya ko shi zai sauya Excel ɗinsa, ko kai za ka sake rubuta fomulolin. Matsala biyu ce ta haɗu maka, kuma kowacce da nata maganin.

#NOM? shi ne #NAME? a Excel na Faransanci, ma'anarsa manhajar ba ta san sunan aikin da aka kira ba. Ka ce masa ya danna gidan ya duba fomular. In ya ga _xlfn. a gaban sunan, to tsufan manhaja ne, harshe ba ruwansa. Misali, XLOOKUP, aikin da ke nemo bayani a cikin jadawali, ba ya cikin Excel 2016 ko 2019, sai daga 2021 zuwa sama da Microsoft 365. IFS da TEXTJOIN da MAXIFS kuwa a 2019 suka shigo. Abin da ke ruɗa mutane shi ne, da farko lambobin suna fitowa daidai, don sakamakon da aka adana ne ake gani. Sai an taɓa wani gida an sake lissafi kuskuren ke bayyana.

Gyaran kwamfuta a nan shi ne ya sabunta Office. Fomulolinka za su zauna yadda suke, amma akwai kuɗin lasisi, kuma ranar da fayil ɗin ya je hannun mutum na uku mai tsohuwar manhaja, an koma gidan jiya. Gyaran fayil kuwa aikin yamma ɗaya ne: ka maye gurbin XLOOKUP da INDEX da MATCH a haɗe, ka lulluɓe su da IFERROR, wanda yake nan tun Excel 2007. Fomular za ta ɗan yi tsawo, ba musu, sai dai za ta buɗe a kowace kwamfuta da ke kasuwa, har da LibreOffice da Google Sheets. Ni wannan nake zaɓa duk lokacin da fayil zai fita daga hannuna.

Maganar kwanan wata ita ce ta harshe, kuma a nan nake so ka natsu. Excel da kansa yake fassara sunayen ayyuka in an buɗe fayil: SUM ya zama SOMME, VLOOKUP ya zama RECHERCHEV, waƙafin da ke raba sassan fomula ya zama waƙafi mai ruwa. Abin da ba ya fassarawa shi ne duk rubutun da ka sa tsakanin alamomin zance. In ka ba TEXT, aikin da ke mayar da kwanan wata rubutu, tsarin "dd/mm/yyyy", kwamfutar da aka saita a kan Faransanci "jj/mm/aaaa" ta sani, shi ya sa ta dawo maka da harufan a madadin shekara.

Abokinka zai iya shiga saitin yanki na Windows ya mayar da shi Ingilishi, matsalar ta tafi nan take. Amma ban ba da wannan shawarar ba. Sauran fayilolinsa na sefa an gina su ne da waƙafi a matsayin alamar ɓangaren lamba, fayilolin CSV ɗinsa kuma, wato jadawalin da aka adana a matsayin rubutu zalla, da waƙafi mai ruwa ake raba gidajensu; garin gyaran gira sai a rasa ido. A ɓangarenka gyaran ya fi sauƙi: cire TEXT gaba ɗaya, bar kwanan watan a matsayin lamba, ka ba gidan tsarin kwanan wata ta Format Cells, wanda ke bin harshen kowace kwamfuta. In dole sai ka haɗa shi da rubutu, ciro rana da wata da shekara ɗaya bayan ɗaya da DAY da MONTH da YEAR.

Wuri ɗaya ne gyaran yake wajensa. In ka turo masa fomula ta WhatsApp ya liƙa, Excel ba zai fassara ta ba, sai ya rubuta ta da sunayen Faransanci da waƙafi mai ruwa. Gara ka sa ta cikin fayil ka tura masa fayil ɗin.