Gargaɗi Kan Masu Tallan Ruwan Narkar da Karyayyen Noti a Cikin Inji

Wannan gargaɗi ne ga masu motoci, direbobi da kanikawa, game da wasu masu talla a Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp, waɗanda ke sayar da wani ruwa a ƙaramar kwalba suna cewa yana narkar da notin da ya karye a cikin inji cikin 'yan mintuna. Sau da yawa suna haɗa shi da wasu 'yan ƙarafa masu murɗaɗɗen baki a cikin akwatin roba, su ce da su ake zaro duk notin da ya cije ba tare da an je wurin mai walda ba. Sharaɗinsu kullum ɗaya ne: a tura kuɗi tukuna, sannan a sa kaya a mota. Wasu da zarar kuɗin ya shiga sai lambarsu ta daina shiga, amma a ganina waɗanda suka fi cutarwa su ne masu aiko da kayan, domin asarar wanda ya yi amfani da su ta fi kuɗin da ya biya nesa ba kusa ba.

Bidiyon tallan ne ke yaudarar mutane. Duk wanda ya lura da kyau zai ga notin da ake zarowa fes yake, zarensa yana ƙyalli, kuma yawanci a jikin katako ne ko wani guntun ƙarfe mai tsafta. An ɗaura shi ne da hannu, aka yanke kansa, aka kunna kyamara. Noti irin wannan ko da ƙusa da guduma aka ƙwanƙwasa gefensa zai juyo. Wanda ya cije a inji daban yake. Notunan da ke riƙe da bakin salansa a jikin inji suna shan zafi su huce kullum har tsawon shekaru, tsatsa ta cika tsakanin zare da zare, ta kumbura ta matse su. Yawancin motocin zamani kuma kan injinsu na alminiyam ne alhali notin na baƙin ƙarfe ne, kuma idan ƙarafa biyun nan suka haɗu da danshi sai su ci juna su manne. Motocin da aka shigo da su daga Kanada da arewacin Amurka sun fi fama da wannan, saboda gishirin da ake watsawa a tituna lokacin ƙanƙara. A nan gida kuma al'adar zuba ruwan famfo ko na rijiya a lagireto tana ruɓar da notunan famfon ruwa.

Ruwan kwalbar nan, wanda ba ya ɗauke da sunan kamfani ko bayanin abin da ke ciki, mai yiwuwa ɗayan biyu ne. Ko dai kananzir ne da ɗan mai da aka sa wa launi, wanda ba zai narkar da komai ba, ko kuma sinadari ne mai ci, kamar asid ɗin wanke tayil ko ruwan soda ta yin sabulu. Na biyun ne masifar. Asid ɗin wanke tayil yana cin alminiyam da sauri fiye da yadda yake cin ƙarfen noti, soda kuwa alminiyam ɗin kawai take ci ta bar notin yana nan daram. Kumfar da mai saye zai gani tana tasowa, ya ɗauka magani ne ke aiki, jikin injinsa ne ke zagwanyewa. Idan ruwan ya gangara ya shiga hanyar baƙin mai ko ya taɓa gasket, wato shimfiɗar da ake sawa tsakanin sassan inji don hana yoyo, to garin neman gira an rasa ido. Gaskiya ne masu sana'ar ƙarfe suna amfani da ruwan alam (wanda ake tace ruwan sha da shi) mai zafi wajen cinye ɗan guntun ƙarfe da ya maƙale a alminiyam, sai dai wannan aiki ne na sa'o'i masu yawa ko kwanaki, kuma dole a kwance ɓangaren daga mota a tsoma shi gaba ɗaya. Da wannan 'yar gaskiyar masu tallan ke fakewa.

Ƙarafan zaro noti kuwa kayan aiki ne na gaske, amma suna da iyaka. Ana huda tsakiyar notin, a cusa ƙarfen, a murɗa ta hagu. Yana aiki ne idan notin ya karye saboda an matse shi fiye da kima. Idan tsatsa ce ta riƙe shi, ƙarfin da ya karya notin tun farko ya fi ƙarfin wannan siririn ƙarfe. Na jabu masu laushi bakinsu yakan lanƙwashe ya faɗaɗa ramin, masu tauri kuma su tsinke a ciki. Da zarar ya tsinke, bakin injin huda na yau da kullum ba zai iya cin sa ba saboda taurinsa, sai an nemi baki na musamman ko an sauke kan injin an kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe. Aikin yini ɗaya ya zama na sauke inji da sayen sabon gasket.

Hanyar da ƙwararru ke bi ba asiri ba ce. Sukan wanke wurin, su fesa man kwance tsatsa su bar shi ya ratsa, su ƙwanƙwasa a hankali, sannan su ɗumama jikin da ke kewaye da notin, domin alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Ana yin haka da taka-tsantsan, tunda alminiyam yana narkewa a wajen digiri 660 na ma'aunin Salsiyos kuma ba ya yin ja kafin ya narke. Idan guntun ya ɗan leƙo ko ya yi daidai da jiki, mai walda yakan ɗora masa washa (ɗan faifan ƙarfe mai rami a tsakiya) da wani noti ya liƙe su, zafin waldar ya fasa tsatsar, a sa sifana a riƙa juyawa gaba da baya. Kafin walda a cire kan batir saboda kwamfutar motar. Idan duk wannan ya gagara, sai a huda daidai tsakiya da baki mai juyawa hagu, in zaren ya lalace a sa masa sabon zare irin na Helicoil, wato murɗaɗɗiyar waya da ake cusawa a ramin. A Ƙofar Ruwa a Kano da Fanteka a Kaduna akwai masu wannan aiki da mutum zai tsaya a kansu yana gani.

Wanda aka yi wa irin wannan talla ya nemi adireshin shago, ya nemi a gwada kayan a gabansa a kan tsohon inji mai tsatsa, kuma kada ya biya kafin kaya su zo hannunsa. Wanda ya riga ya tura kuɗi ya adana hoton tallan da rasit da hirar da suka yi, ya sanar da bankinsa nan take, sannan ya kai ƙorafi wurin 'yan sanda ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC. Wanda kuma ya riga ya zuba ruwan a injinsa kada ya tayar da motar. A wanke wurin da ruwa mai yawa, a duba ko ya shiga cikin baƙin mai, in ya shiga a juye man a canja filta.