Tambarin Saye ko Tambarin Gida? Amsa ga Ɗan'uwanmu na Birnin Kudu

Wani ɗan'uwa daga wani ƙauye a ƙasar Birnin Kudu ya kawo tambaya zauren nan daren jiya. Ya ce su bakwai ne suka haɗa ƙungiyar wasan kwaikwayo, sun ɗauki fim ɗinsu na farko da waya, sun raɗa wa kamfani suna. Abin da ya rage shi ne tambarin da zai fara fitowa kafin fim. Wani edita a Kano ya ce zai haɗa musu mai wuta da walƙiya, har da zaki yana gurnani. Ɗaya daga cikinsu kuma ya ce su fita bayan gari su ɗauki nasu. Wanne ya fi?

Malam, bari mu fara da na sayen. Yawanci editan ba shi ya ƙirƙira ba. Haɗaɗɗe ne yake saukowa da shi daga intanet, ya goge sunan da ke jiki ya rubuta naku. Shi ya sa ba ya tsada, kuma ka tura suna da safe, kafin la'asar ya turo maka. Yana da sheƙi, ba musu, kuma ranar da kuka kunna wa mutanen gari za a yi ta cewa yaran nan sun zama 'yan birni. Sai dai abin da ya sayar muku ya sayar wa wasu, gobe ma zai sayar. Riga ce ta aro, ranar biki sai ka haɗu da mai irinta. Batun zaki kuwa, ku bar shi. Zaki mai gurnani na kamfanin MGM ne na Amurka, wanda aka kafa a 1924, kamar yadda tsauni mai taurari yake na Paramount, duniya mai juyawa ta Universal. Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin Turawa zai gane inda kuka ɗauko.

Na gida kuwa shi ne ku ɗauki abin da ke ƙasarku: itacen kuka da yamma, rumbu, ko duwatsun nan da Allah ya hore wa Birnin Kudu, ku ɗora suna a kai da manyan baƙaƙe. Wahalarsa a fili take. Hannu zai yi rawa, iska za ta cika sautin, rana tsaka za ta ƙone hoton. Amma duk da magani. A jingina wayar a kan turmi ko bulo, a ɗauka bayan la'asar sakaliya, sautin kuma a naɗe shi daban a ɗakin ƙasa, don ɗakin kwano amsa-kuwwa yake yi. Manhajojin haɗa bidiyo a waya irin su CapCut ko KineMaster sun isa wannan aikin, sai dai a lura, KineMaster na kyauta yana manna nasa tambarin a kusurwa.

Inda na fi so ku tsaya ku yi tunani shi ne hanyar da fim ɗinku zai bi. A ƙauyukanmu ba a silima ake kallo ba. Wurin mai caji ake zuwa a tura a memori, daga nan ya bi waya zuwa waya ta Xender. Masu turi kan matse fim don ya ci ɗan wuri, kuma da an matse shi, tartsatsin wuta da siraran baƙaƙen zinare a kan baƙin allo su ke fara dagulewa. A ƙaramar waya sai ka ga kamar an watsa gero a duhu. Farin rubutu mai kauri a kan hoto guda ɗaya yana tsira. To ina amfanin tambarin da tsohuwa a Gwaram ba za ta iya sa jikanta ya karanta mata ba?

Sai tsayi. Na saye sau da yawa yakan ja lokaci, wuta ta tashi, ta sauka, ta sake tashi. A zamanin kaset, tun da aka fara fim ɗin bidiyo na Hausa a Kano wajen 1990 har zuwa lokacin da kasuwar Ƙofar Wambai ke cike da dillalan fim, mai kallo ya riga ya biya, zai zauna ya jure tambari da tallace-tallace. Yau data yake ƙonawa. YouTube ma yana nuna wa mai tasha mutum nawa suka rage bayan daƙiƙa 30 na farko. Na gida ku ke da wuƙa da nama, ku tsayar da shi a daƙiƙa biyar ko shida.

Kiɗa ma haka. Wanda ke zuwa da na saye ba ku san mai shi ba, kuma YouTube na da na'urar gano kiɗan wasu. In ta kama, kuɗin tallan na iya tafiya wurin mai kiɗan. Ku nemi makaɗin garinku ya buga muku kalangu ko gurmi, ku sallame shi a gaban shaidu. Ko luguden mata ma ya isa. Kakaki da tambura dai ku bar wa fada, kada wasa ya kai ku gaban hakimi.

Ni dai na gida na zaɓa, sai fa in gobe za ku saki fim ɗin, sai ku lallaɓa da na saye a wannan karon. Kafin ku wahala a kan kowanne, ku duba a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni ko wani bai riga ku yin rajistar sunan ba. Kuma ku sa ƙaramin tambarin a kusurwar allo tun daga farko har ƙarshe, domin akwai masu yanke farkon fim su manna tallan shagonsu.