Ƙaramin kan jirgin ƙasa mai sauti: HO ko N?

'Yan uwa a Jidda sun dame ni da tambayar wanne za su saya cikin ƙananan kawunan jirgin ƙasa na dizal masu sauti, irin na wasa masu kwaikwayon na gaske: mai girman da ake kira HO ko mai girman N.

HO kashi 1 cikin 87 ne na jirgin gaske. Cikinsa da faɗi, lasifika ta fi girma, rurin injin yana fita da kauri. Sai dai akwai cin fili. N kuwa 1 cikin 160 ne, tebur guda ya ishe shi, amma muryarsa siririya ce, kuma da ƙura ta hau layin dogon sai sautin ya riƙa yankewa. Ƙura kuwa ba a raba Jidda da ita. Farashinsu bai yi nisa da juna ba.

Mai ɗakin da ba kowa a ciki ya ɗauki HO. Mai zaman haya a matse, N ya fi masa, in zai jure goge layi.