Kibiyar da ta dace da baka mai laushi: kyauro, karbon ko alminiyam?

Bakana kilo 16 yake ja, wato fam 35 a lissafin Amurkawa. Na san haka ne ranar da na maƙala tsirkiyarsa a sikelin wani mai awon wake a kasuwar Dole, na ja har inda nake kaiwa in zan harba. Kai ma ka yi wannan awon kafin ka fitar da ko dala, domin duk zaɓen kibiya a kansa yake.

Yawancin samarinmu na Damagaram cewa suke baka mai laushi sai kibiya marar nauyi, wai don ta yi gudu. Gudu kam za ta yi, amma in ta isa jikin zomo ba ta da ƙarfin shiga, ga iskar hunturu tana wasa da ita tun a hanya. Ni kibiyata ta farauta, da karanta da ƙarfenta, tsakanin giram 23 zuwa 27 nake tsayar da ita. Kowane kilo na ƙarfin baka ka ba shi kamar giram ɗaya da rabi, ko sama kaɗan. Nauyin kuma ya fi yawa a gaba, wajen ƙarfe.

Tauri shi ne ke ruɗa mutane. Kibiya tana lanƙwasa lokacin da tsirkiya ta tura ta, ta kauce wa jikin baka sannan ta miƙe. In ta yi wa bakan tauri, mai harbi da dama zai ga tana ta zuwa hagu, ya yi ta zargin idonsa. Lambar da ake bugawa a jikin kibiyar karbon ta kanti galibi ma'aunin wannan taurin ne: a ɗora ta kan ginshiƙi biyu masu tazarar santimita 71, a rataya giram 880 a tsakiya, a ga yadda ta sunkuya. Lamba babba, kibiya mai laushi ke nan. Mai 400 ta yi wa irin bakana tauri. 600 ko 700 ake nema, wato sunkuyawar santimita ɗaya da rabi zuwa kusan biyu. Ƙusa biyu a bango da gorar ruwa sun isa ka gwada a gida. Ƙarfe mai nauyi a baki yana ƙara mata laushi, rage tsawonta kuma yana ƙara tauri, don haka kada ka yi saurin yankewa.

Ni dai kyauro ne nawa. Nakan zauna gaban dami guda in yi ta murza su a tafin hannu, in ware masu gajerun gaɓoɓi da kauri ɗaya, cikin ashirin da ƙyar in samu shida. Wanda ya ɗan karkace a gasa shi sama-sama a kan garwashi a miƙar. A ɗaure baki da gindi da jijiya don kada ya tsage. Daɗin abin shi ne maƙeri yana kusa: in ta yi tauri ka ce, "Baba, a ƙara mini nauyin wannan," gobe ka karɓa. Ka ce ya yi maka siririn ƙarfe mai kaifi biyu, irin wanda ke yanka tun daga tsini, shi ne ke shiga ba da ƙarfi mai yawa ba. In ta ɓace a ciyawar wajen Mirya ba za ka kwana kana lissafi ba. Aibin kyauro ɗaya, yana bushewa ya tsage a hunturu, sai an riƙa dubawa.

Alminiyam faɗuwa ɗaya kan dutsen Birni ta lanƙwashe ke nan. Irin ƙarfen kanti da kaifinsa ke buɗewa in ya shiga jikin dabba kuwa na masu manyan bakuna ne.

Karbon na gaskiya yana da kyau, ban musa ba. Samunsa ne aiki. Wani ɗan kasuwa ya taɓa sayar mini da guda shida a jaka goma sha biyu, baƙi wuluk, an manna musu tambarin Easton, kamfanin ƙera kibiya, da lambar 600. Ashe roba ce mai zaren gilas aka shafa wa fenti. Da na auna daga baya, babu biyun da nauyinsu ya zo ɗaya. Ta huɗun ce ta fashe lokacin saki, wani sili ya shige mini tsakanin babban yatsa da manuni na hannun hagu, sai da aka tsaga aka ciro. Tabon na nan.

Saboda haka in za ka saya, ka leƙa bakin bututun: in ciki fari ne ko ruwan toka mai haske alhali waje baƙi, ka ajiye. Ka kankare tambarin da farce, na bogi yakan ɗago. Ka lanƙwasa ta kusa da kunnenka kana juyawa, in ka ji ƙas ko kaɗan, ta tsage, ko da karbon na gaskiya ce. Ka je da ƙaramin sikelinka, ka auna su ɗaya bayan ɗaya a gaban mai kaya. In ya ce ba a buɗe leda sai an biya, ka ce masa, "Alhaji, Allah ya kawo kasuwa," ka yi gaba.